Maiwar Baba a Ƙasar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Abu na farko da ƙasar Finlan ta karɓe daga hannuna shi ne maiwar babana. Ina sauka daga jirgi, ban ko gama gane gabas da yamma ba, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta buɗe jakata, ta ciro ƙullin, ta duba takardar izinin da na sha wahalar samowa, ta ce duk da haka sai an kai an bincika. Ban yi musu ba. Sanyi ya riga ya riƙe mini haƙora, da wane bakin zan yi?

Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Dutsin-Ma, asalina kuma wani ƙauye ne a yankin Barkiya ta Kurfi. Na samu tallafin karatun digiri na biyu, aikin da na ce zan yi shi ne in gwada gero iri-iri in ga wanda ya fi jure ƙishirwa. Jami'ar za ta ba ni irin zamani guda uku, na huɗun ni na ce zan zo da shi daga gida. Baba yana da wata farar maiwa da ya gada wurin mahaifinsa. Kowace kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daminta daban, ya rataye can ƙololuwar rumbu. Wannan damin iri ne, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. Da zan taho ya murza mini cikin tafi biyu, ya ce, "Ka kai masu su gani, amma ka hwaɗa masu ba ta son gaggawa." Dariya na yi a lokacin.

Wanda ya tarbe ni wani ne Ɗanladi, an haɗa mu ta waya tun ina gida, an ce Bahaushe ne ɗan'uwa, zai ba ni masauki. Ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya, ya ce in kawo kilishi da yaji da kukar da na zo da su ya adana mini kada ɗumin ɗaki ya ɓata su. Ashe masaukin bayan shagonsa ne, tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na mai, ladan kwana kuma in sauke kaya duk ranar da mota ta zo. Bayan 'yan kwanaki na ga kilishina a kan kanta, an yayyanka an ɗaɗɗaure a leda ana sayarwa. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Malam Sabi'u, nan ƙasar komai kasuwa ne, za ka saba." Ban saba ba. Ranar da jami'a ta ba ni ɗaki na ɗauki jakata ko sallama ban yi masa ba, har yau kuma in na tuna kukar nan raina yana ɓaci.

Na iso a bakin hunturunsu. Rana takan leƙo wajen hantsi, ta yi ɗan rarrafe a gefen sama, kafin ka waiwaya ta koma. Azahar da la'asar da magariba duk da alwala ɗaya nake yin su. Mutanen ba mugaye ba ne, amma ba sa magana. Ka shiga bas ka yi gaisuwa, kowa ya kalli takalminsa. Na faɗi a kan ƙanƙara har na daina jin kunya. Dankali da burodi na ci har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka, in farka in tuna wanda ya sayar da kukar.

A jami'a ma wani labarin na tarar. Malamin da ya karɓe ni ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi, aka miƙa ni ga Farfesa Heikki, wanda duk rayuwarsa a kan sha'ir ya yi ta. Dogo ne, mai kirki, amma kullum ƙafarsa ɗaya a bakin ƙofa take. Sai bayan makonni aka dawo mini da maiwata, kusan rabinta ya tafi wurin bincike. Abin da ya rage na shuka shi duka a tukwanen roba, a wani dogon ɗaki na gilashi da ake ɗumamawa. Ban rage ko ƙwaya ɗaya ba. In rage don me? Rumbu yana can gida.

Ɗakin ba nawa ba ne ni kaɗai. Yawancinsa sha'ir ne na sauran ɗalibai, fitilun da ke rataye a sama kuma don sha'ir ɗin aka saita su, suna kamawa tun kafin asuba, ba sa mutuwa sai an daɗe da yin isha'i. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce, Marja. Na yi wata guda ina gaishe ta tana amsawa da kai kawai, na ɗauka ba ta son ganina ne. Wata safiya na tarar da safar hannu ta ulu a kan bencina, babu takarda, babu bayani. Da na yi godiya sai ta kalli hannayena da suka tsattsage ta ce, "Awo yana son yatsu."

Awon kuwa shi ne duk aikin. Kowace Litinin da Alhamis in durƙusa da tef, in auna kowane tsiro daga bakin ƙasa zuwa ƙarshen ganyen da ya fi tsawo, in ƙirga ganye, in shigar a kwamfuta. Sai in haɗa tsawon duk tukwanen iri ɗaya in raba da yawansu, in samu matsakaici. Shi nake ɗigawa a kan giraf: kwanaki a layin kwance, tsawo a layin tsaye. A kan kowane ɗigo kuma akwai ɗan tsinke da ake zanawa, mai nuna yadda tukwanen suka yi nisa da matsakaicinsu. In tsinken gajere ne, tsiron sun yi kusan kai ɗaya. In ya yi tsawo, akwai manya akwai ƙanana. Na sha koya wa 'yan aji wannan a allo da alli, amma ban taɓa sanin yana cin gwiwa da baya haka ba.

Irin zamanin nan uku ba su ba ni wahala ba. Layinsu ya fara a hankali, ya miƙe sama, sannan ya kwanta, daidai lokacin da suka fitar da kai. Haka yake a kowane littafi. Maiwar Baba ita ce ta ƙi. Layinta ya hau, ya ci gaba da hawa. Ta wuce ƙuguna, ta wuce kaina, na fara hawa tsani ina awo. Ganye kore shar, kara kamar na rake, amma babu alamar ciki balle kai. Ɗaliban sha'ir suna wucewa suna ɗaukar hoto, wani ma ya tambaye ni ko itacen girki nake nomawa.

Ana cikin haka na lura wayar gida ta canza. In na kira, Baba ya gaisa a gajarce ya miƙa wa wani. Ba na jin kukan zakara ko na jaki a bayansa, sai ƙarar babura. Wata Juma'a na matsa wa Inna, mahaifiyata, na ce ta gaya mini inda suke.

Ta ce, "Muna Dutsin-Ma, gidan kawunka. Tun bayan tahiyarka kaɗan mutanen daji suka tashe mu. Babanka ya ce kar a hwaɗa maka, karatu kake."

Na tambayi lafiyar kowa, ta ce babu wanda aka rasa. Na tambayi gona, ta ce maiwar bana ba ta kai ga nuna ba aka gudo, rumbu kuma an kwashe an sa masa wuta. Damin iri kaɗai Baba ya ɗauko a ka. Na ce alhamdu lillahi, tunda iri ya tsira.

"Sabi'u," ta ce, "na daka shi."

Ban gane ba, sai da ta maimaita.

"Babanka ya tahi Zobe neman aikin lambu, kwana biyu bai dawo ba. Gidan ga cike da ɗiya, babu komi. Na sauko da damin na daka, na yi masu kunu. Da ya dawo ya ɗaga kai ya ga igiya kawai. Tun ranar nan bai ce mani komi ba a kai. Da ma hwaɗa ya yi, da na hi samun sauƙi."

Na zauna a bakin gado. Ban ga laifin Inna ba, ko kusa. Amma na san maƙwabtan da Baba ya taɓa ba irin nan sun watse, nasu kuma ya daɗe da gaurayewa da wasu. Wato duk duniya maiwar kakana ba ta rage ko'ina ba sai a tukwanen roba, a ƙasar ƙanƙara, ga shi ta ƙi haihuwa. Ban gaya wa Inna wannan ba. Na ce mata kada ta damu, tawa tana nan lafiya, tsawo ma har ya yi mata yawa.

Mako bai zagayo ba Farfesa Heikki ya kira ni ofis. Ya buɗe giraf ɗina ya sa alƙalami a kan layin maiwar. Ya ce tunda ba ta yi kai ba, babu amfanin da za a auna, in cire ta daga aikin in rubuta a kan ukun da suka yi. Bencin ma ana buƙatarsa a ƙarshen wata, sabon sha'ir zai shigo. Sannan ya nuna tsinkunan da ke kan ɗigon maiwar, waɗanda suke ta ƙara tsawo mako bayan mako.

"Akwai tukwane marasa lafiya a ciki," in ji shi. "Suna ɓata maka lissafi. Marja ta ce fitilar lungu ta mutu tun tuni. Ka cire su, ka rubuta dalili, babu laifi a haka."

Na ce to. Me zan ce? In ce masa ba digiri ne ya dame ni ba, igiya ce da ke reto a gidan kawuna? Na tashi na fito.

A lokacin kuma ƙasar ta juya mini ɗaya fuskar. Hunturu ya wuce, rana ta dawo da fushi, ta ƙi faɗuwa. Lokacin barci ya yi, waje fayau kamar la'asar. Idona ya yi ja, kaina kullum yana sarawa, na rasa lokacin da zan kira magariba. Sai da na kafa bargona a taga da ƙusoshi sannan na fara samun barci.

Kafin in cire tukwanen lungun, na ce bari in san ko su wane ne. Maimakon layi ɗaya na matsakaici, sai na ba kowace tukunyar maiwa layinta. Allon kwamfutar ya cika da layuka suna hawa tare kamar an kora su. Amma can ƙasa akwai guda uku da suka rabu da sauran. Ba faɗuwa suka yi ba, ba kuma tsalle-tsalle irin na tsiro mai ciwo ba. Sun hau, sun lanƙwasa, sun kwanta, daidai irin kwanciyar da na gani a layin irin zamani. Na zana na ƙirgar ganye, shi ma haka: ukun nan sun daina sabon ganye tun makonni. Matsakaici ya haɗiye su, tsinken yana ta nuna mini su, ni kuwa ina kallonsa a matsayin ƙazanta.

Na sauka ɗakin gilashi. Tukwanen suna bayan wani baƙin tankin ruwa, ƙarƙashin mataccen ƙwan fitila. Gajeru ne, sun ɗan yi rawaya, abin tausayi. Na kama saman karan ɗaya na matsa a hankali, kamar yadda Baba yake yi in yana zagaya gona. Na ji kumburi. Ta yi ciki.

Na tsaya riƙe da karan ina kallon fitilun da ke ci a kan sauran. Ukun nan duk hunturu hasken Allah kaɗai suka samu, gajeren yini da dogon dare. Sauran kuwa tun da suka tsiro ba a taɓa barinsu sun ga dare na kirki ba. A gida kowa ya san ko ka shuka maiwa da ruwan fari ko ka makara, lokaci ɗaya take fitar da kai, can in damina ta juya baya. Na tashi da sanin haka, ban taɓa tambayar me take jira ba. Ashe dare take jira ya ƙara tsawo. Ni da ita ciwonmu ɗaya, ni dai na samu bargo.

Na kai wa Farfesa sabon zanen. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi inda kowace tukunya take, na zana masa. Ya dafe goshi ya ce tsawon yini ne, ya kamata ya tambaya tun farko, ya ɗauka duk geron duniya an riga an cire masa wannan halin kamar na zamani. A nan ne na gaya masa labarin damin. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ba zai iya hana a karɓe bencin ba, amma lungun tankin babu mai so, in kwashe abin da zai shiga can. Lokacina kuma ba zai ƙaru ba, takardar zamana tana ƙarewa kafin hunturu ya sake kamawa.

Ukun lungu ba su isa ba. Kawunan da suka fitar ba su fi yatsa ba, kuma ba su fito tare ba, babu ƙwayar kirki a ciki. Dole sai manyan. Kashe fitila kuma ba ya wadatarwa yanzu, tunda ranar da kanta ta ƙi tafiya. Marja ce ta zo da maganin a bayan motarta: baƙar leda mai kauri da ƙaninta yake rufe ciyawar shanu da ita. Muka kafa katako, muka yi wa maiwar rumfa har rufi, muka lanƙwasa saman karan da suka tokare gilashi.

Daga nan rayuwata ta koma rufewa da buɗewa. Da la'asar in hau tsani in ja leda, in toshe duk wata kafa da haske zai bi. Da safe in dawo in buɗe. Babu Asabar babu Lahadi, domin kwana ɗaya in aka yi sake ana iya komawa baya. Cikin rumfar zafi kamar tanderu, a waje kuma mutanen gari sun fito suna shan rana tsirara-tsirara, suna murna da abin da ni nake yaƙi da shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, na ja jiki na iso a makare, na tarar an riga an rufe, har an ɗora bulo a gefen da iska take ɗagawa. Marja ba ta taɓa ambatar zancen ba.

Makonni suka shuɗe layin yana hawa abinsa. Na gaji irin gajiyar da ko addu'a sai dai ka motsa baki. Duk Litinin da Alhamis in ɗiga sabon ɗigo, in kai fuska kusa da allo ina neman lanƙwasa, babu. Inna takan tambaya, in ce ana nan ana fama. Sai wata Alhamis ƙirgar ganye ta fito daidai da ta Litinin. Litinin ta gaba ma haka. Na ƙi yarda, na ce kuskuren ƙirga ne, sai da ɗigo huɗu suka jeru a kwance. Na hau tsani na matsa kara na farko, na biyu, na uku. Na sauko na zauna a kan bulon Marja na yi kuka, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Da kawunan suka fito sai wata matsalar. A gona iska ce take kai bununi, wato garin fure, daga wannan kai zuwa wancan, a ɗakin gilashi kuwa babu iska. Kowace safiya nake bi ina kaɗa su da hannu, Marja tana riƙe da fankar ofishinta. Garin ya bi mini riga da gashi, ƙamshinsa kuma ƙamshin gonarmu ne sak. Duk da haka karan sun tsufa a tukunya, wasu sun ruɓe daga ƙasa, kawuna da yawa sun fito fanko. Na yanke na ƙarshe ana saura 'yan kwanaki in tashi, na shanya a kan na'urar ɗumama ɗaki. Da na murje na sheƙe, duk abin bai cika ƙaramin gwangwanin madara ba.

Digirin na samu, ba tare da wani yabo ba. Aikin ƙishirwa ya tashi rabi, babin da ya fi tsawo ya koma kan tsawon yini, masu jarrabawa suka ce tukwanena sun yi kaɗan a yanke hukunci mai ƙarfi, gaskiya kuma suka faɗa. Farfesa ya sa hannu a takardar fitar da irin. Marja ta raka ni tashar bas, ta miƙa mini hannu ta ce, "Ka shuka," ta juya.

Na sauka Kano, na kwana, na hau motar Dutsin-Ma da gwangwanin a aljihun gaba, hannuna a kai har muka iso. Gidan kawu ya fi yadda na zata cunkoso. Baba yana zaune a zaure a kan buzu, ya rame, gemun ya yi fari fat. Bayan gaisuwa da addu'a ya ce wani surukinmu a Makera ya yi masa alkawarin 'yar kadada in damina ta zo, amma bai san abin da zai zuba a ciki ba. Inna tana tsaye daga bakin ƙofar cikin gida, ba ta shigo ba.

Na ciro gwangwanin na buɗe na ajiye a gabansa. Ya zuba kaɗan a tafi, ya matsa bakin zaure inda haske yake, ya jujjuya da yatsa.

"Ita ce," ya ce. "Ta rame, amma ita ce. Mi ya tsai da ita haka?"

Na ce dare take jira, Baba, can ƙasar babu dare.

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin wani ɗan'uwa da ya sha wuya a hanya. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai baki zai gwada ta da haƙori, yadda yake yi wa kowane hatsi tun ina yaro. Ta kai leɓensa, sai ya tsaya, ya mayar da ita cikin gwangwanin. Ya karkaɗe tafinsa a ciki har ƙwayar da ta maƙale tsakanin yatsu, ya rufe, ya ciro hankicinsa ya ƙulle. Na zaci aljihu zai sa. Sai ya ɗaga kai wajen ƙofa.

"Hajara," ya ce, ya miƙa hannu. "Zo ki aje mana irin ga. Ke kin hi ni sanin inda ɓera ba ya zuwa."

Inna ta shigo, ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu.